Mashigin Khaibar: Hanyar da Dauloli Suka Yi Ta Haya a Hannun Masu Dutse

A zamanin da Turawan Ingila ke mulkin Indiya, sau biyu a mako ake buɗe wa fatake mashigin Khaibar, hanyar da ta ratsa duwatsu tsakanin Peshawar da Afganistan, ranar Talata da ranar Juma'a. Tun da sassafe ayari zai taru a Jamrud, raƙuma da alfadarai da jakuna, a ɗaure kaya, a biya kuɗin hanya, sannan a kama hawa. A kan tsaunukan da ke leƙen hanyar akwai 'yan bindiga a tsugune, mafi yawansu 'ya'yan ƙabilar Afridi, wato jikokin mutanen da suka yi suna wajen tare wannan hanyar. Yanzu gwamnati ce ke biyan su albashi su tsare ta. Kafin rana ta faɗi ana son ayari ya isa zangon Landi Kotal. A sauran kwanakin mako kuwa, ba a yi wa kowa alkawarin tsaro ba.

Duk wanda ya san tarihin fataucin goro zuwa Gwanja zai gane wannan tsari nan take. Madugu ba ya ratsa ƙasar mutane da ƙarfi, sai ya zauna da masu ƙasa an yi ciniki. Abin da ya bambanta Khaibar shi ne girman waɗanda aka tilasta wa zaman cinikin. Sarakunan Mughal na Indiya, daular Ingila a lokacin da take ganiyarta, da Amurka da ƙawayenta a zamaninmu, duk sun zo wannan kwazazzabo da rundunar da ta fi ta masu wurin nesa ba kusa ba, kuma duk sun ƙare da sa hannu a aljihu. Ana yawan ba da labarin Khaibar a matsayin ƙofar da mayaƙa suka fasa suka shiga Indiya. Ni abin da na gani cikin tarihinsa ya sha bamban da haka: ratsa shi sau ɗaya bai taɓa gagarar babbar runduna ba, riƙe shi a buɗe kullum ne ya gagari kowa, sai da yardar mutanen da ke saman dutsen.

Kafin a yi nisa, kada a haɗa shi da Khaibara ta Hijaz, wadda aka ci a shekara ta 7 bayan hijira. Waccan tana arewa da Madina, wannan kuwa yana kan iyakar Pakistan da Afganistan. Suna ne kawai ya yi kama.

Yadda wurin yake

Mashigin ya ratsa ƙarshen jerin duwatsun Spin Ghar, wato Farin Dutse a harshen Pashto. Bakinsa na gabas yana Jamrud, tafiyar kilomita goma sha wani abu daga birnin Peshawar. Daga nan hanya ta yi ta lanƙwasa tana hawa har Landi Kotal, inda ya fi tsawo, kimanin mita 1,070 daga doron teku, sannan ta gangara Torkham, ta shiga lardin Nangarhar na Afganistan ta nufi Jalalabad da Kabul. Tsawonsa duka kusan kilomita 50 ne.

Idan tsayin dutse ake ji, Khaibar ba wani abu ba ne. Garin Jos ma ya fi Landi Kotal nisa da doron teku. To amma wannan ƙanƙantar ita ce darajarsa. Mashigan Hindu Kush da ke arewa da Kabul ƙanƙara kan toshe su watanni, shi kuwa rani da hunturu ana bin sa. Akwai wasu ƙofofin a kudu, irin su Kurram da Gomal da Bolan, kuma an yi amfani da su sosai, sai dai babu wadda ta kai shi miƙewa tsakanin Kabul da Peshawar. Wanda ya sauka Peshawar kuwa, ya haye kogin Indus a Attock, babu sauran babban dutsen da zai tare shi har Lahore da Delhi.

Wurin da ya fi matsewa shi ne Ali Masjid, inda duwatsu biyu suka kusan haɗe baki, ga ƙorama a ƙasa, ga ganuwa a sama. Kafin a faɗaɗa hanyar, an ce da ƙyar raƙuma biyu masu kaya ke gittawa. Mutanen wurin suna jingina ɗan masallacin da ke nan ga Sayyadina Aliyu, ko da yake littattafan tarihi ba su kawo zuwansa wannan yanki ba. A nan ne aka fi zubar da jini, don mutum ɗari a saman dutse sun isa su tsayar da dubu goma a ƙasa.

Masu wurin ƙabilun Pashtun ne. Afridi su ne mafi yawa, sun kasu gidaje irin su Kuki Khel da ke kusa da Jamrud, da Zakka Khel, da Malikdin Khel, kuma cibiyarsu tana cikin tsaunukan Tirah. Shinwari na zaune a kewayen Landi Kotal, dangin nasu da yawa na ƙetaren iyaka. Ƙasar busasshiya ce, noma kaɗan ne. Hanyar ita ce gonarsu. Kuɗin rakiyar da suke karɓa a hannun matafiya suna kiransa badraga, kuma a wurinsu haƙƙi ne na gado, ba fashi ba.

Tsoffin baƙi, da darasin da Mughal suka koya

An cika cewa Iskandar na Makidoniya ya bi ta Khaibar a shekara ta 327 kafin haihuwar Annabi Isa. Gaskiyar ita ce shi da kansa ya bi ta arewa, ta Bajaur da Swat, wani ɓangaren rundunarsa ne ya gangara ta wajen kogin Kabul. Daga baya sarakunan Kushan suka mai da Peshawar babban birninsu, addinin Budda ya bi wannan hanya ya shiga Asiya ta Tsakiya, kuma har yau kufan wata hasumiyarsu, Sphola, na tsaye a gefen titi. Sultan Mahmud na Ghazni ya karya Sarki Jayapala a kusa da Peshawar a 1001. Babur ya fara leƙowa ta nan a 1505, ya sake saukowa a ƙarshen 1525, ya ci yaƙin Panipat a watan Afrilun 1526, ya kafa daular Mughal.

Daga nan ne matsalar ta sauya kama. Babur mai wucewa ne, jikokinsa kuwa masu mulki ne a ɓangarorin biyu, Kabul tasu, Delhi tasu, dole saƙo da haraji da soja su riƙa kai da komo. Sarki Akbar ya gina ganuwar Attock a 1581, ya sa injiniyansa Kasim Khan ya gyara hanyar har keken shanu ya iya bi. Duk da haka sai da aka riƙa ba shugabannin ƙabilu kuɗi kafin a sami lafiyar tafiya.

A 1672 aka ga abin da ke faruwa idan wannan igiya ta tsinke. Gwamnan Kabul, Muhammad Amin Khan, ya gama hunturu a Peshawar, ya tashi komawa da rundunarsa da iyalinsa da dukiyarsa. Ƙabilu ƙarƙashin Aimal Khan suka tare mashigin. Ya kutsa, suka sauko suka raba shi da ruwan sha, zafi da ƙishirwa suka gama da mutanensa kafin takobi. Dubbai suka mutu, aka kama iyalinsa, shi ya tsira da ƙyar zuwa Peshawar. Wutar ta bazu har mawaƙin nan kuma jarumi Khushal Khan Khattak ya shiga ciki. Sarki Aurangzeb da kansa ya taso a 1674 ya yi sansani a Hasan Abdal kusan shekara ɗaya da rabi. Abin da ya kwantar da tarzomar a ƙarshe kyauta ce da albashi da raba kan gidaje, aikin da gwamnansa Amir Khan ya ƙware a kai shekara ashirin.

Nadir Shah na Farisa ya nuna wata dabarar a Nuwamban 1738. Gwamnan Mughal, Nasir Khan, ya toshe mashigin yana jiran sa ta gaba. Nadir ya bar sansaninsa kamar yana nan, ya bi wata ƙaramar hanya mai wuya ta kudu, ya ɓullo masa ta baya. Bayan wata uku ya karya rundunar Mughal a Karnal, ya shiga Delhi. Wannan ya tona wani sirri na Khaibar: ba ƙofa ɗaya tilo ba ce, kewaye yake da ƙananan hanyoyi, kuma 'yan ƙasa ne suka san su. Mai tsaron da bai da su a hannu, bayansa a buɗe yake.

Sikh, masu mulkin Punjab a lokacin, su ma sun gwada. Sun karɓe Peshawar a 1834, babban kwamandansu Hari Singh Nalwa ya gina ganuwar Jamrud a 1836, aka kashe shi a nan a Afrilun 1837 a karawa da Akbar Khan ɗan Sarki Dost Muhammad. Iyakar Sikh ta tsaya a bakin mashigin, ba ta shiga ciki ba.

Zuwan Ingila

Tsoron Rasha ne ya jawo Turawan Ingila wannan wuri. A lissafinsu, in dai wata rana sojan Rasha zai sauko Indiya, ta Kabul zai biyo, daga Kabul kuma sai Khaibar. Wannan tsoro ya kai su yaƙi da Afganistan sau uku.

A yaƙin farko, 1839 zuwa 1842, babbar rundunarsu ta bi ta Bolan ne, wata ƙarama ƙarƙashin Kanar Wade ta ci Ali Masjid. Sun zauna Kabul suna biyan ƙabilun Ghilzai da ke riƙe da hanyar Jalalabad. A 1841, don tsimin kuɗi, wakilinsu Macnaghten ya rage wannan albashi. Ghilzai suka rufe hanya. A Janairun 1842 soja kusan 4,500 da mabiya kusan 12,000 suka fito daga Kabul cikin ƙanƙara, aka yi ta karkashe su a kwazazzaban Khurd Kabul da Jagdalak har Gandamak. Likita William Brydon ya iso Jalalabad a ranar 13 ga wata, shi kaɗai a kan doki mai rauni. Mutane da yawa na ɗauka a Khaibar aka yi wannan kisa, alhali ko kusa da shi ba su kai ba. Amma Khaibar na da hannu, domin rundunar agaji ta Birgediya Wild ta taso daga Peshawar a wannan watan, Afridi suka mai da ita baya. Sai 5 ga Afrilu Janar Pollock ya samu wucewa, bayan ya tura sojoji sun hau duwatsun dama da hagu sun kori masu harbi kafin ayarin tsakiya ya motsa.

Yaƙi na biyu a cikin mashigin aka kunna shi. A 1878 Sarki Sher Ali ya karɓi jakadun Rasha a Kabul. Ingila ta ce ita ma sai an karɓi nata, ta tura tawaga ƙarƙashin Janar Neville Chamberlain ba tare da an gayyace ta ba. A ranar 21 ga Satumba kwamandan Afganistan a Ali Masjid, Faiz Muhammad, ya gaya wa Manjo Cavagnari cikin ladabi cewa ba shi da umarnin barin su su wuce, kuma in sun matsa zai yi harbi. Suka juya. Wata biyu cif bayan haka, 21 ga Nuwamba, Janar Sam Browne ya far wa ganuwar. Harin gaba da gaba bai yi nasara ba, sai da masu tsaron suka ji an zagayo musu ta baya, kamar dai yadda Nadir Shah ya yi, suka fice cikin dare. Yarjejeniyar Gandamak ta Mayun 1879 ta miƙa wa Ingila ikon mashigin. A Satumban shekarar aka kashe Cavagnari a Kabul, yaƙi ya dawo sabo.

A nan tarihin ya taɓo mu. Wani ƙaramin hafsa da ya fara ɗanɗana yaƙi a wannan karo, 1879 zuwa 1880, shi ne Frederick Lugard, Gwamna Lugga, wanda sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Abokin aikinsa James Willcocks, da suka kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma tare, wanda kuma ya kai ɗauki Kumasi a 1900, shi ne ya jagoranci farmaki kan Zakka Khel a kwarin Bazar, kudu da Khaibar, a 1908. Mutanen da suka zo mana da bindiga mai ruwa sun yi makaranta a waɗancan duwatsu.

To Ingila ta samu mashigin a takarda. Me za ta yi da shi? Ajiye dubban sojoji a cikinsa tsada ne, ga zazzaɓi, ga harbin sari-ka-noƙe. A Fabrairun 1881 ta zauna da jirga, wato majalisar dattawan Afridi, aka ƙulla yarjejeniya. Gwamnati ta amince da 'yancin ƙabilun a cikin gidajensu, za ta riƙa ba su sama da rupi 80,000 a shekara, ita za ta karɓi kuɗin hanya a hannun fatake, su kuma za su tsare titin. Aka ɗebi samarinsu aka kafa rundunar da daga baya aka sani da Khyber Rifles, ƙarƙashin Muhammad Aslam Khan. Jami'in siyasar da ya riƙe wannan tsari kusan shekara goma sha takwas shi ne Robert Warburton, ɗan Bature ne amma uwarsa 'yar Afganistan, yana jin Farisanci da Pashto, yana yawo cikin ƙabilun da sanda kawai a hannu. Ayarin Talata da Juma'a da na fara da shi, ɗan wannan yarjejeniya ne.

A 1893 wakilin Ingila Mortimer Durand da Sarki Abdur Rahman na Afganistan suka shata iyaka mai tsawon kusan kilomita 2,600. Layin ya tsaga ƙasar Pashtun biyu, ya bar Shinwari rabi nan rabi can. Duk Bahaushen da ke da kawu a Maraɗi da goggo a Katsina ya san irin wannan yanka.

Shekarar 1897 ita ce jarrabawar tsarin, kuma a ganina Ingila ce ta faɗi, ba Afridi ba. Iyakar duka ta kama da wuta, malamai na kiran jihadi, Afridi na ƙorafin ƙarin harajin gishiri da kutsen gwamnati cikin ƙasarsu. Warburton ya bar aiki a shekarar. Da lashkar, wato gayyar mayaƙan ƙabila, ta doso mashigin a watan Agusta, sai hukuma ta janye Baturen hafsan da ke Landi Kotal, ta bar sojojin Khyber Rifles su kaɗai, alhali ga dubban sojojin gwamnati zaune a kusa da Peshawar. Waɗannan samari suka tsaya suka yi faɗa da 'yan uwansu na jini don riƙe amanar aikin da suka karɓa. An ruwaito cewa hafsan da ya riƙe ganuwar yana da ɗa a tare da shi, wasu 'ya'yansa kuma suna cikin maharan, kuma a nan aka kashe shi. Landi Kotal ta faɗi a ranar 25 ga Agusta. Don ramuwa, Janar Lockhart ya shiga Tirah da soja kusan 35,000, aka yi kazamin faɗa a Dargai, aka ƙone gidaje da rumbuna, aka sare itatuwa. Bayan duk wannan asarar rai da dukiya, a 1898 aka sake zama da jirga, aka mai da albashin, aka mai da tsaron hanya hannun Khyber Rifles. An dawo inda aka taso.

A yaƙi na uku, Mayun 1919, Sarki Amanullah na Afganistan ya turo soja kusa da Landi Kotal. Wannan karon sojojin Khyber Rifles da yawa suka gudu da bindigoginsu, aka rushe rundunar. Jiragen saman Ingila suka jefa bam a Jalalabad da Kabul, aka yi sulhu a Rawalpindi a watan Agusta, Afganistan ta karɓi ikon harkokinta na waje. Sai Ingila ta yanke shawarar rage dogaro da ƙabilu ta hanyar shimfiɗa dogo. Daga 1920 zuwa 1925 aka fasa ramuka 34 cikin dutse, aka gina gadoji da magudanai 92, jirgi ya hau har Landi Kotal da inji ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ko wannan ma sai da aka ba 'yan ƙabila kwangilar aikin kafin a bari a aza ƙarfe. Maharin da aka gina dogon dominsa bai taɓa zuwa ba. A yaƙin duniya na biyu aka jera tubalan kankare don tare tankokin yaƙi, su ma ba su ga tanka ko ɗaya ba.

Abin da hayar ta jawo wa masu dutsen

Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna, kuma shi aka fi tsallakewa. Daga nesa sai a ce Afridi sun ci riba, tunda dauloli na biyan su. Amma wa ke karɓar kuɗin? Malik, wato shugaban gida da jami'in gwamnati ya amince da shi. Abin da gwamnati ke saye shi ne lafiyar titi da 'yan mitocin da ke gefensa. Abin da ke faruwa a bayan dutse, ko makaranta, ko asibiti, ko shari'a, bai shiga cikin cinikin ba.

Dokar da ta riƙe yankin ita ce dokar laifukan iyaka ta 1901. A ƙarƙashinta laifin mutum ɗaya na iya jawo a kama danginsa, a rufe shagunan ƙabilarsa a Peshawar, a rushe gidaje, a hana su shiga kasuwa. Mutanen yankin suna taƙaita ta da kalma uku: babu wakil, babu dalil, babu apil. Ba lauya, ba kawo hujja, ba ɗaukaka ƙara. Pakistan ta gaji wannan doka a 1947 ta ci gaba da aiki da ita shekara saba'in. Talakan Khaibar bai samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai zaɓen 1997, kafin nan malik ne kaɗai ke zaɓe. Jam'iyyun siyasa ba su samu izinin aiki a can ba sai 2011. Sai a Mayun 2018 aka soke dokar, aka haɗe yankunan ƙabilu da lardin Khyber Pakhtunkhwa. Abin takaici, tun 2010 lardin ya ɗauki sunan mashigin ya sa a nasa, alhali mutanen mashigin suna waje da kariyar kotunan ƙasar.

Inda ba masana'anta, ba noma, ba doka irin ta sauran ƙasa, sai fasa-ƙwauri ya zama sana'a. Afganistan ba ta da teku, kayanta ta tashar Karachi suke shigowa, kuma yarjejeniyar 1965 ta ba ta damar wucewa da su ba tare da biyan kwastan na Pakistan ba. Sai kaya su haye Torkham, a juyo da su ta bayan dutse a kan alfadarai, su bayyana a kasuwannin Landi Kotal da Bara, daga baya Karkhano a gefen Peshawar, da arha. Mutanen Jibiya da Illela ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. Da Tarayyar Sobiyet ta mamaye Afganistan a Disamban 1979, 'yan gudun hijira kusan miliyan uku suka kwararo Pakistan, da yawansu ta wannan hanya. Makamai suka bi ta suka hau, hodar iblis, wato heroin, ta bi ta ta sauko. A Fabrairun 1980 mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaro, Zbigniew Brzezinski, ya zo har mashigin aka ɗauke shi hoto yana leƙen Afganistan. Yaƙin ya ƙare a 1989, bindigogin da hodar suka zauna.

Tankokin man NATO

Bayan 2001 tarihi ya maimaita kansa a gaban idonmu. Amurka da ƙawayenta na ƙungiyar tsaro ta NATO na da jiragen da za su kai soja ko'ina a duniya, amma man fetur da abinci da siminti na dubban sojoji ba a ɗauke su ta sama. A wajajen 2008 kusan kashi uku cikin huɗu na kayan rundunar ta Pakistan suke bi, daga Karachi zuwa Torkham ko Chaman, kuma Torkham ta fi ɗaukar kaya. Direbobin farar hula ne, da yawansu Afridi da Shinwari, kuma 'yan kwangila na biyan duk wanda ya kamata a biya a hanya. Badraga ce ta dawo da sabon suna.

Sai dai wannan karon tsoffin masu karɓa sun rasa ƙarfi. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, irin ta Mangal Bagh a Bara da Taliban ta Pakistan, sun ture malik gefe, sun kashe dattawa da yawa a yankunan ƙabilu. A Disamban 2008 aka ƙone motoci sama da 100 a dare ɗaya a wuraren ajiya na Peshawar. A Fabrairun 2009 aka tarwatsa wata gada a cikin mashigin, zirga-zirga ta tsaya. Sojan Pakistan ya yi ta kai farmaki, dubban iyalai suka bar gidajensu, kasuwar Bara ta zauna a rufe fiye da shekara shida.

Gwamnatin Pakistan ita ma ta gane cewa makullin na hannunta. A ƙarshen Satumban 2010 ta rufe Torkham kwana goma sha ɗaya bayan jiragen NATO sun kashe mata sojoji. A ranar 26 ga Nuwamban 2011 harin Amurka a Salala ya kashe sojojinta 24, ta rufe hanyar gaba ɗaya fiye da wata bakwai. Amurka ta karkata kayanta ta arewa, ta Rasha da ƙasashen Asiya ta Tsakiya, kuma sakataren tsaronta Leon Panetta ya shaida wa majalisa cewa hakan na cin ƙarin dala miliyan 100 kowane wata. Ba a buɗe ba sai Yulin 2012, bayan sakatariyar harkokin wajen Amurka Hillary Clinton ta ba da haƙuri. Ƙasar da ta fi kowa ƙarfin soja a duniya ta tsaya a inda Aurangzeb ya tsaya.

Ƙofar Torkham

Yau rikicin ya koma tsakanin maƙwabta biyu Musulmi. Tun kafuwar Pakistan, Afganistan ba ta taɓa amincewa da layin Durand a matsayin iyaka ta dindindin ba, ita kaɗai ce ma ta ƙi goyon bayan shigar Pakistan Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumban 1947. Shekaru da yawa Shinwari na haye Torkham ba fasfo, kamar mai shiga unguwar maƙwabta. A Yunin 2016 Pakistan ta fara gina ƙofa, aka yi musayar wuta, aka rasa rayuka. A 2017 ta fara kafa shingen waya a tsawon iyakar. A Satumban 2019 firaministan Pakistan na lokacin, Imran Khan, ya ƙaddamar da buɗe ƙofar dare da rana, aka yi murna. Taliban suka karɓi ɗaya ɓangaren a Agustan 2021, kuma waɗanda suka zaci za a samu sauƙi ba su ga haka ba. Daga Nuwamban 2023 dubban ɗaruruwan 'yan Afganistan da Pakistan ta kora suka bi ta nan da katifu da tukwane a kan manyan motoci, cikinsu har da waɗanda aka haifa a Peshawar, ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba.

Duk lokacin da aka rufe ƙofar, inabi da rumman da tumatir na Afganistan su ruɓe a cikin mota, siminti da magunguna na Pakistan su yi layi har cikin mashigin, mara lafiyar da ke da alkawari da likita a Peshawar ya kwana a bakin waya, 'yan dako da masu tura baro a Landi Kotal su koma gida hannu rabbana. Mutanen Nijar sun ɗanɗani irin wannan a 2023, lokacin da motoci suka yi cirko-cirko a Malanbil da Gaya. Dogon da Ingila ta kashe maƙudan kuɗi a kai kuwa, ambaliya ta wanke sassansa tun wajajen 2006, ba jirgin da ke hawa.

A ranar 21 ga Fabrairun 2025 aka sake rufe Torkham saboda saɓani kan ginin wani shingen tsaro. Sojojin ɓangarorin biyu suka yi ta harbin juna, dubban motoci suka maƙale, ga azumi ya kama. Jami'an gwamnatocin biyu suka kasa warware ta. Dattawan ƙabilu da 'yan kasuwa daga nan da can ne suka zauna jirga, suka yi ta kai da komo, har aka buɗe wa motocin kaya a ranar 19 ga Maris. Ba a cika wata bakwai ba, a Oktoba, faɗa ya sake ɓarkewa a kan iyakar, aka mai da ƙofar aka kulle.